Kwamfutoci Huɗu a Ɗakin Ajiya

Shekara uku na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kudu, ina kuma binciken digirina na biyu. Aikina shi ne in rubuta manhajar da za ta karɓi umarnin da mutum ya rubuta, ta juya shi zuwa harshen na'ura, ta kuma raba shi tsakanin kwamfutoci su yi shi a lokaci guda. Shugaban makaranta ya bar mini tsofaffin kwamfutoci huɗu a ɗakin ajiya, na haɗa su da waya.

Manhajar tana aiki, amma jefi-jefi sai amsa ta fito ba daidai ba. Biyu daga cikin kwamfutocin kan taɓa lamba ɗaya tare, ɗaya ta ɓata wa ɗaya lissafi. Sai in gwada sau ashirin lafiya, na gaba ya lalace. Malamin da ke duba aikina a jami'a ya ce mini a waya, "Ba zan sa hannu a haka ba. Ka gano inda suke karo."

A damina ta uku shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba a Gwaram. Ni ne babba a gidan. Duk Juma'a bayan masallaci nakan hau mota in je in juya shi, in yi masa wanka. Wata rana yana kallon takardun da nake ja wa layi, ya ce da ƙyar, "Har yanzu ba ka gama ba?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na san ba gaskiya na faɗa ba.

A gefen gadonsa na gano abin da nake zaton shi ne kuskuren: layi biyu ne a cikin manhajar, na gabatar da wanda ya kamata ya zo baya. Ban samu komawa in gwada ba, don jikin ya tsananta. Ranar Talata ya rasu.

Bayan sadakar bakwai na koma Birnin Kudu, na tarar iska ta yaye kwanon ɗakin ajiyar, ruwa ya shiga na'urorin. Ɗaya ce kawai ta tashi, kuskuren kuwa ko da can ba ya fitowa a kan kwamfuta ɗaya ita kaɗai.

Malamina ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce wa'adina ya ƙare, ya roƙa a ƙara mini an ƙi. Na nemi canjin wurin aiki zuwa Gwaram don in zauna kusa da Inna. Gyaran yana nan a takarda, har yau ban san ko daidai ne ba.