Gwaggo Tafireta da Lambobin da Kwamfuta ta Ƙi

Yayar babana ce, amma tun tasowata ban taɓa jin an kira ta da sunan yanka ba. Gwaggo Tafireta kowa ke cewa, har mai gyaran takalmi na bakin layinmu. Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta aiki a ofishin auna ruwan sama, aka zaunar da ita gaban wata baƙar tafireta mai nauyin keken ɗinki. Ma'aikatan tashoshi suna aiko da awonsu da rubutun hannu, ita da wasu mata uku su buga shi tsaf a farar takarda. Shekara talatin da huɗu ta yi a kujerar nan. A cikinsu ta yi aure, ta haifi uku, mijinta direban babbar mota ya rasu, ta rene su da yatsunta. Dab da ritayarta aka kawo kwamfuta, aka sa su kwashe tsofaffin takardun duka su zuba a ciki. Da suka gama ta koma gida.

Ni kuwa rubuta manhaja na karanta, shi ya sa take tsokanata da Injiniya. Bara aka ba ofishinmu aikin tattara awon ruwan nan na shekara arba'in, domin za a sake gina wata gada, masu ginin suna son sanin ruwa mafi yawa da ya taɓa sauka a rana ɗaya. Aikin farko da ke gabana shi ne tantancewa: manhaja ta ɗauki abin da ke kowane gurbi, ta duba ko lamba ce ta gaskiya kafin a yi lissafi da ita. Na rubuta wannan cikin minti goma. Gurbi sama da dubu shida suka ƙi wucewa. Ina sauri, sai na ce duk wanda ya ƙi a mai da shi sifili, lissafi ya tafi sumul.

Ranar Asabar da la'asar na je gaishe ta, kwamfutata a jaka. Na buɗe a falonta don in yi mata burga da tsohon aikinta. Ta sa tabarau, ta matso da kujera, ta nuna wani gurbi a sakamakon tantancewar da ɗan yatsanta da ya karkace.

"Injiniya, me ya sa wannan yake ta cewa nan, nan, nan? Nan ina?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata NaN ne, gajarta ce daga Turanci, kwamfuta ce ke cewa abin da aka ba ta ba lamba ba ne.

"To da ta ce haka, ke me kika yi?"

"Na mai da su sifili, Gwaggo."

Ta ce in nuna mata watan takwas na shekarar da ta haifi autanta. Na nuna. Jadawalina ya ce ruwan watan bai taka kara ya karya ba.

"A watan nan ina da tsohon ciki," in ji ta, "ruwa ya shigo ɗaki har ya taɓa katifa. Babanki ne ya goya 'ya'yana, yayyenki, ɗaya bayan ɗaya ya tsallakar da su. Buɗe mini ainihin abin da muka buga."

Na buɗe, na ƙara girman rubutun. Ni dai ɗari da arba'in nake gani, ban ga laifinsa ba.

"Wannan na farkon ba ɗaya ba ne, ƙaramin harafin L ne. Tafiretocinmu ba su da maɓallin ɗaya, da L muke bugawa. Da aka kawo kwamfuta, kai ya san akwai ɗaya, yatsa ya ƙi sani. Wannan nawa ne, na amsa laifina. Na ƙarshen kuma ba sifili ba ne, harafin O ne."

Na yi kwana huɗu ina kallon gurbin nan ban gani ba.

Ta ci gaba da bin layuka da yatsa, tana kiran mutane kamar mai duba tsohon hoto. Inda aka sa waƙafi a maimakon ɗigo, ta ce Doguwa ce, abokiyar zamanta, wadda ta koyi aiki wurin wani shugaba mai son waƙafi. Inda aka bar fili a tsakiyar lamba, ta ce 'Yar Gayu ce, mai dogayen farata. Matan nan biyu duk sun rasu, amma ta gane hannun kowacce ba ta ko ɗaga kai.

Sai ta zo kan guraben da babu komai a cikinsu, ta cire tabarau ta dube ni.

"Waɗannan ma sifili kika ba su?"

Na ce e.

"Sifili lamba ce, 'yata. Ma'anarta mutum ya tashi da sassafe, ya je wurin ma'auni, ya leƙa, bai ga ko ɗigo ba. Fili kuma ma'anarsa babu wanda ya je. Wataƙila ba shi da lafiya, wataƙila ruwan ne ma ya tare masa hanya. Kin shaida abin da ba ki gani ba."

A makaranta an faɗa mana wannan, na kuma rubuta a jarrabawa, amma ranar ce na ji shi.

Mako uku muka yi muna aikin tare, kullum bayan na tashi daga ofis. Ita ta tsara yadda za a yi. Abin da yake lamba tsantsa ya wuce. Abin da muka san ciwonsa, kamar L da O da waƙafi, a gyara shi, amma a ajiye asalinsa a gefe don wani ya iya bincika mu. Abin da ba mu sani ba a bar shi a ba a sani ba. Ita ce kuma ta hana ni karɓar 999, wanda manhajar ta amince da shi hannu bibbiyu. Ta ce alama ce da suke bugawa idan ma'auni ya lalace.

"Ga kwamfuta lamba ce," in ji ta, "amma da ruwa ne, da ba mu nan muna hira."

A mako na biyu ta ce in matsa. Ta ja kwamfutar gabanta, ta sa na yi mata bayanin kowane layi sau ɗaya, sannan ta rubuta sharaɗin 999 da kanta, idonta a kan allo, yatsunta suna gudu kamar ruwa a kan kwano. Ba ta kuskure ko harafi ɗaya ba. Tana da shekara saba'in da ɗaya a lokacin. Daga nan ta koma ƙirƙiro mugayen misalai don ta kayar da manhajar: lamba mai ɗigo biyu, ruwan da ya gaza sifili, gurbin da fili kaɗai aka danna a ciki. Duk wanda ya zille ya wuce, sai ta tafa hannu ta ce, "Na kama ki, Injiniya!"

Da muka gama, gurbi ɗari biyu da sha ɗaya ne kawai suka rage a ba a sani ba. Ruwa mafi yawa na rana ɗaya, wanda lissafina na farko, in an cire 999 ɗin, ya ce milimita casa'in da shida ne, ya koma ɗari da tamanin da bakwai. Masu ginin gadar suka sake zane, suka ƙara mata tsayi.

Na faɗa wa shugabanmu gaskiyar wanda ya yi aikin. Ya zo gidan da kansa, ya cire takalmi a ƙofar falo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ta riƙa leƙo mu. Yanzu duk Talata nakan biya in ɗauke ta. An ba ta tebur kusa da taga, kuma abokan aikina, masu digiri bibbiyu, sukan yi layi da kwamfutocinsu suna jira ta duba musu. Makon jiya ta fara koyon tantance kwanan wata, ta riga ta gano wani fayil da aka ba watan biyu kwana talatin.