Dutsen da ke Jakar Mama Rut

Kowace safiya, kafin masu ƙosai su hura wuta a Tudun Wada, Mama Rut ta riga ta iso ƙaramin asibitin unguwarmu. Sai ta durƙusa a lungun da ake ajiye tsintsiya ta yi addu'arta, sannan ta ɗauki bokiti. Shara, wanke fo, juya marasa lafiya, aikinta ke nan tun gashinta na baƙi. Makon jiya ta yi ritaya, kuma a taron sallamarta na ji abin da har yau bakina bai rufu ba. Ashe a jakarta, kusa da Littafi Mai Tsarki, dutse take yawo da shi. Dutsen taimama! 'Yar cocin Angilikan!

Baba Jumare, tsohon mai gyaran keke a Gyallesu, shi ya tona. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa, aka sa masa robar fitsari. Daga nan ya daina cin abinci. Ana ta allura, ciwo ya ƙi haɗewa, har likita ya ce wa matarsa, Inna Tayyiba, in aka ci gaba a haka sai dai haƙuri.

Mama Rut ce ta lura da an kira salla sai ya juya fuska bango.

"Baba, kai da kunu faɗa kuka yi?"

"Ke dai yi shararki. Ba na iya tashi alwala, ga wannan robar. Ko taimama zan yi, ina ƙasa a nan? Ko'ina fenti. Wanda ya yanke da Ubangijinsa, cin me zai yi?"

Ta ajiye tsintsiya. Ta ja gadon ƙiii har ya fuskanci gabas, ta buɗe jaka, ta ɗora masa dutsen a cinya.

"Innalillahi! Rut, ke da wannan?"

"Daga rafi na tsinto shi, kullum sai na wanke shi da ruwan zafi. Na sha jin malamai masu zuwa dubiya suna cewa lalura ba ta hana salla. Kai ka san abin da ake faɗa. Ni nawa riƙewa ne."

Ya buga tafukansa, ya shafa, ya yi sallarsa a kwance, hawaye na shiga kunnensa. Yana sallamewa ya ce, "Tayyiba, kunun nan ya huce?" Cokali ya suɓuce daga hannun Inna.

Ban ce dutse magani ne ba, likita ya yi nasa. Amma akwai lungun da allura ba ta kaiwa.

Ranar taron, Baba Jumare ya zo da sandarsa, aka riƙa miƙa dutsen hannu zuwa hannu. Da ya iso gare ni sai na ga tsakiyarsa ta loɓa, ta yi sulɓi. Tafuka nawa ne suka cinye dutse?

Mama Rut, ke ce mai kai mutum ƙofar da ba taki ba, ki tsaya daga waje ki jira shi. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma masu zuwa dubiya, kada ku tsaya a "ya jiki?" Ku tambayi mutum ko ya samu ya yi ibadarsa.

Dutsen ta bar shi a tagar ɗakin maza. Saura mai ɗauka.