Umma da Matacciyar Baturiya

Ni 'yar fari ce, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. Kunyar ɗan fari tun daga Kano ta ɗauko ta, ta hau jirgi da ita, ta sauke ta a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, a Ingila, ko ƙwarzane babu. Likita ce fa. Tana iya kallon ƙaton Bature cikin ido ta gaya masa hantarsa ta lalace, amma ni sai dai "ke", ko "waccan", ko ta dubi bango ta ce, "A zo a ci abinci." Ba ta yabona, ba ta tare mini faɗa. Ƙannena kuwa har rungumarsu take yi a ƙofar makaranta.

Na saba, abin bai taɓa damuna ba, sai shekarar da na bar karatun likita a jami'a a Manchester na koma adabin Ingilishi. Abba ya yi faɗansa ya gaji, ya ce Allah ya sa alheri. Umma ko uffan. To, uwar da dama can ba ta yi miki magana, ta yaya za ki gane ta daina yi miki magana? Abinci dai ana nan ana cewa a zo a ci. Amma na ji sanyin a jikina, tsoro kuma ya kama ni sosai, ko ta cire ni daga ranta ke nan. In na tambayi Abba sai ya ce, "Ai kin san halin uwarki." Ni kuwa da na san shi ai da ban tambaya ba.

Da aka ba da hutu, ciwon baya ya hana Abba tuƙi, dole Umma ce ta zo ɗaukata. Ta kalli kwalayen littattafan da nake lodawa, ta ce wa but ɗin mota, "Ikon Allah." Muka kama hanyar Birmingham, cunkoso ya tsayar da mu tun kafin mu yi nisa. Shirun nan ya ishe ni, wallahi har numfashina nake ji. Cikin neman magana na haɗa wayata da sifikar mota na kunna littafin da za mu yi jarrabawa a kansa, wata mata ce take karantawa.

Irin littattafan nan ne na tsoro da Turawa suka ƙware a kai, na tsohon gida mai ɗakuna fiye da mutanensa. An ɗauki wata budurwa ta kula da makauniyar tsohuwa a wani gida a bakin fadama. Kullum da yamma sai ƙararrawa ta kaɗa daga ɗakin da ba kowa, ɗan tsohuwar kuma murmushinsa ya yi yawa. Baturiyar da ta rubuta shi ta daɗe da mutuwa. Ina son littafin nan kamar me. Babu jini, babu dodo, amma matar nan sai ta sa ki ji tsoron ƙofa don kawai a rufe take.

Umma ta ce wa gilashin gaba, "A rage mana surutun nan." Na rage. Can sai na ji tsaki. "Mutum ya ji motsi a ɗaki, ba bismilla, ba ayatul kursiyyu, ya ɗauki kyandir ya nufi wajen? Allah ya ƙara." An jima kuma ta ce, "Bututun ruwa ne yake kaɗa ƙararrawar. Mai gyara za su kira, sun tsaya rawar jiki." Da aka fara kai wa tsohuwar shayi tana kwana da ciwon ciki, sai likitancin Umma ya motsa. Ta lissafa alamun ciwon ɗaya bayan ɗaya, ta yanke hukunci: ɗan ne yake zuba guba.

Da muka shigo gari na kashe, don in nuna ina da tarbiyya. "Wa ya ce a kashe?" in ji ta. Ranar nan Umma, wadda ko idonta a rufe ta san hanyar gida, ta ɓace a unguwar Ladywood. Muka yi ta zagaye har babin ya ƙare.

Sauran littafin ita kaɗai ta saurara, a hanyar zuwa aiki, Abba ne ya sa mata a waya. Ashe ba ɗan ba ne. Tabɗi! Ranar da ta kai ƙarshe ta shigo gida fuska a murtuke, ta ce wa firij an yaudare ta, ba a yi mata adalci ba. Washegari Abba ya zo ɗakina yana sosa ƙeya. "Wai an ce a tambaye ki, matar nan tana da wasu littattafan?"

Tana da su. Akwai gajerun labarai da suka fi na farkon ban tsoro, akwai na wani mai wa'azi da ya rasa imaninsa, akwai kuma wani ƙato a kan iyalin masu masaƙa wanda malamanmu suke cewa shi ne mafi rauni. Shi Umma ta fi so, mana. Duk ta cinye su. Sai dai duk wannan tsakaninta da Baturiyar ne. Ni ina gefe, mai miƙa littafi ta hannun Abba, kuma har lokacin ban san matsayina ba. Mutum ai yana iya son tuwo ya ƙi mai tuƙa shi.

Kafin hutu ya ƙare aka yi suna a wani zaure a unguwar Aston. Matan likitoci da na injiniyoyi sun cika wajen, ina cikin masu raba abinci. Wata Hajiya, ƙawar Umma, wadda duk 'ya'yanta asibiti suka nufa, ta riƙo hannuna a gaban kowa. "'Yar nan, ke ce aka ce kin bar medicine kin koma karatun tatsuniya? Yanzu har uni ake zuwa don gatanan gatananku?" Aka kwashe da dariya. Bisa al'ada, sai dai Umma ta yi shiru ko ta taya su. Na sunkuyar da kai ina jira.

Sai na ji ƙarar ajiye cokali.

"Hajiya," in ji Umma, "akwai wata mata da ta rubuta littafi a kan makauniya. Kin karanta?" Hajiya ta ce ina ta ga lokaci. "To ki nema. Ni shekara da shekaru mutane suna zama a gabana cikin tsoro, ina rubuta musu magani, ban taɓa iya faɗin yadda tsoron yake ba. Matar nan ta faɗa. Har ni ta kayar, na rantse ɗan ne." Ta shiga yabon Baturiyar nan, littafi bayan littafi, har masu masaƙa ba ta bari ba, shinkafarta tana hucewa. Sannan ta ce, "Duk wanda ya zauna yana koyon yadda ake wannan aiki, ba wasa ya je yi ba. Kada in ƙara jin an ce tatsuniya."

Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Ta ɗauki cokalinta, ta ce wa iska, "A kawo wa Hajiya ruwa."

Na shiga kicin ɗin zauren, na kunna famfo don kada a ji, na yi kuka har na gode Allah. Matacciyar Baturiya ta sha yabon da ba ta san ana yi ba, ni kuwa na gane uwata tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ruwan Hajiya ya iso a makare, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili.