Ijazar Likitan Inna

A gidanmu na Ƙofar Marke abu guda anka san ni da shi: ba ni zama. Aji uku na sakandare nig gudu, karatun zauren Baba ma tsakiyar littafi nib bar shi. Na taɓa ɗinki wata biyu. Na yi lodin siminti a Kalambaina har bayana ya gaji. Na yi gyaran waya, na ƙona ta mutane guda biyu. Daga nan nik koma kabu-kabu, don shi kaɗai ne aikin da ba a yi wa mutum faɗa in ya ƙi tsayawa wuri guda.

Shekarar da nike magana, Inna ta kai in ta share rabin tsakar gida sai ta zauna tana haki. Ko faɗa za ta yi mini, kalma uku sai ta tsaya neman numfashi, ni ko kafin ta samu na fice. A asibiti anka ce akwai wata ƙofa cikin zuciya mai buɗewa da rufewa, tata ta tsuke, jini ba shi wucewa daidai. Nic ce, “Ashe bawul na, irin na injin mashin!” Malamar asibiti tah harare ni, amma tac ce kusan haka ne.

Anka ce mun yi sa'a. Wani likita ɗan garin nan da ke aiki a waje ya zo da mutanenai na 'yan kwanaki, shi kan zura siririn tiyo ta jijiyar cinya har zuciya, ya buɗe ƙofar ba a tsaga ƙirji ba. Sunka sa Inna ranar Alhamis. In ranar ta wuce sai baɗi in ya dawo, kuma kowa ya ga Inna ya san ba ta da ƙarfin jiran baɗi.

Inna tac ce ba ta sa hannu sai Malam ya yarda. Malam kuwa shi ne Baba, malamin zaure, kuma shina da doka guda: ba shi karɓar ko fatawar alwala daga mutum sai ya san inda yay yi karatu.

“Mutumin da za shi kai hannu cikin zuciyar uwarku,” in ji Baba, “wa yak karantar da shi? Mi yar rubuta? Ina ijazatai?”

Ijaza ita ce takardar da malami ke ba ɗalibi in ya ƙare littafi, da jerin sunayen waɗanda karatun yab biyo ta hannunsu. Yayana mai digiri ya kira daga Abuja shina ta bayanin cewa likitoci ba haka suke ba. Baba yam miƙo mini wayar yac ce in kashe ta.

Ranar Talata nit tafi Gawon Nama, shagon wani abokina mai buga takardu. Munka rubuta sunan likitan a kwamfuta. Wayyo Allah! Sai ga jeri ya sauko, munka yi ta ja shina ta zuwa. Abokina yac ce duk waɗannan rubuce-rubucen bincike ne da anka buga, wasu kan gyaran zuciyar da ta lalace, wasu kan ƙofofin nan irin na Inna. Ni ban gane turancin ba, amma na gane yawa. Shafi huɗu munka fitar. Nis sayi jan biro nij ja layi ƙarƙashin sunan likitan ko'ina yaf fito, don kowane rubutu sunaye ne shida, bakwai a jere, kada Baba ya sha wahalar nema.

Yadda nit tuƙa mashin ran nan, Allah dai ya tsare. Takardu cikin riga, ina hon ba dalili, ina gaida mutanen da ban sani ba. Yau ni, ɗan da yag gudu daga makaranta biyu, ni za ni kawo wa Baba hujja a rubuce.

Baba yas sa gilashi. Shina karanta boko kaɗan-kaɗan, amma ba karatu yay yi ba, jan layina yab bi da yatsa. Shafi na ɗaya. Na biyu. Sai yac cire gilashin.

“Kai, zo nan. Wanga duk a ƙarshe shike.”

“Baba, ai yawan za ka duba.”

“Na duba. Ka taɓa zuwa ɗaurin aure anka fara gaida yara anka bar liman a ƙarshe? Babba shi aka fara ambato. Wanga mai riƙa musu jaka na, kara sunka yi mishi sunka sa shi. Ku nemo mini na farkon. In babu shi, uwarku tana gida.”

Nit tsaya da jan birona a aljihu. Da ban ja layin ba, da ƙila bai ko lura ba. Da hannuna nif fito mishi da abin.

Laraba da safe nik koma asibiti neman na farkon. Nin nuna wa wata malamar asibiti sunan da ke gaba a rubutu na sama, tan nuna mini wata yarinyar likita a baranda, tsaye tana cin gyaɗa. Ba ta girme ni da yawa ba.

“Likita, ke ta wagga ta farko?”

“Ni ce. Basakkwace, lafiya?” Daga jin bakinta Bakanuwa ce.

“To ke za ki yi wa Inna aiki. Baba yac ce ba shi yarda da na ƙarshe, mai riƙon jaka na.”

Gyaɗar tas sarƙe ta. Tay yi ta dariya tana tari har ta dafa bango. Da ta samu kanta tac ce, “Don Allah kar ka bari ya ji, ko da yake shi ma dariya zai yi. Mu a wurinmu ɗalibin da ya yi zirga-zirgar aikin shi ake sawa a farko. Malamin da ya koyar, ya tsara, ya duba, shi ne a ƙarshe. Ni ɗalibarsa ce. Shi ya koya min yadda ake riƙe tiyon ma.”

Nif fito ina murna, sai murnar tat tsaya a bakin get ɗin asibiti. Baba za shi ce ni niƙ ƙirƙira, ko ya ce al'adar turawa ce, babu ruwanai. Wani dattijo yat tsai da ni yac ce kasuwa za shi. Niɗ ɗauke shi ina ta tunani. Muna cikin tafiya sai muryar Baba taf faɗo mini a ka, ranakun saukar littafi, lokacin da akan tilasta mini zama shina karanta ijazatai da ƙarfi: ni wane, na karɓa daga malamina wane, shi daga malaminai wane, shi daga wane...

Nib buga ihu. Nij juya mashin a tsakiyar titi. Dattijon shina bugun kafaɗata, “Kai yaro, kasuwa nic ce!” Wallahi na manta da shi. Har ƙofar gidanmu nik kawo shi.

Baba shina zaure da ɗalibai. Niz zubar da takalmi nid durƙusa ina haki kamar Inna.

“Allah gafarta Malam, a ɗauko ijazarka.”

“Kai da kag gudu, mi za ka yi da ita?”

“Don Allah dai.”

Yaj jawo gafaka yaf fito da ita, tsohuwar takarda ta yi ja.

“Baba, sunan wa ke farko?”

“Nawa.”

“Kai ka fi su?”

“A'uzubillahi! Ni wa?”

“To wa ke ƙarshe?”

Baba yab bi jerin da yatsa har ƙarshe, inda sunan babban shehinsu shike. Dattijon kasuwa ya leƙo shina son ya ci gaba da faɗa, sai yat tsaya sauraro. Nig gaya wa Baba abin da yarinyar likitan tac ce. Yam miƙo hannu nib ba shi shafukan, yash shimfiɗa su kusa da ijazar. Wannan karon sunayen farko yab bi da yatsa.

“Wanga daban. Wanga ma daban. Duk ɗalibai na, kowa ya karɓa daga gare shi?” Yak kaɗa kai. “Ashe su ma sun san ladabi.”

Sai yaj je shafi na huɗu, can ƙasa inda tsofaffin rubuce-rubucen suke, wanda jiya bai ko buɗe ba. Nan jan layina ya koma farkon jeri. Baba yab bi layin har ƙarshe, yad danna wani dogon suna da ba mu iya faɗi ba.

“Ga malaminai nan. Lokacin shina yaro.”

Yat tashi, ko takalmi bai sa ba, yash shiga cikin gida. Muna jin shi daga zaure: “Ke, ki sa hannu. Shehi na.” Ni ko nid dinga tsalle har nib buge butar wani ɗalibi. Dattijon yac ce duk ya ji, Allah ya ba ta lafiya, amma har yanzu kasuwa za shi.

Ranar Alhamis anka yi aikin. Shafukan nan huɗu har yau suna cikin gafakar Baba, ninke da ijazatai, da jan birona a jiki.

Ni kuwa ban tabbatar Inna ta warke ba sai bayan sati uku, ranar da nish shigo da mashin har tsakar gida bisa sharar da ta gama. Tab biyo ni da tsintsiya. Ta faro faɗa daga makarantar da nib bari, ta bi ta ɗinki, ta ratsa Kalambaina, ta zo kan wayoyin mutane, duk a numfashi guda. Ban fice ba. Niz zauna bisa turmi ina washe baki, nis saurara har ƙarshe.