Ranar da Liba Ta Fara Jin Maganar Afa Abukari

Har gobe ba na jin zan manta safiyar da Hajiya Sanatu ta Dabokpa ta aiko da taraktarta garejina da ke Kukuo, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Ku yaran yanzu masu duba ciwon mota a waya, ku ajiye wayar ku saurara. Ni ban yi nisa a makaranta ba; da ni da malamin lissafi mun rabu babu wanda ya yi kewar wani. Amma a sana'ar nan na hau mataki-mataki: na wanke sifana, na zama babban yaron gareji, aka sallame ni da addu'a, har na zama Masta. Ga wanda bai sani ba, Masta shi ne wanda idan ya ɓata abu sai a ce ƙarfen ne ba shi da kyau.

Taraktar nan gadon mijin Hajiya ce. Masu dogon tunani sun ce a da ja ce. Hannayenta na baya, inda ake rataya garma, na asali sun karye tun tuni, wani mai walda ya ƙera mata wasu da sifirin ɗin babbar mota. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya rowar ƙarfe. Hannayen kaɗai sun isa kayan jaki.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. A cikin tarakta akwai famfo mai tura mai cikin silinda, man ya tura hannaye, hannaye su ɗaga garma. Direba yana da liba a gefen kujera. Ya ja, garma ta tashi; ya tura, ta sauka; ya tsaya a tsakiya, ita ma ta tsaya a tsakiya. Wannan shi ake kira haidirolik, kalmar da na fi iya gyarawa a kan faɗa. To, a ta Hajiya robar silinda ta ci, man yana sulalewa ta ciki. Garma ba ta tashi sai an taka wuta inji ya yi kururuwa, in kuma ta shiga ƙasa sai ta nutse iya nauyinta, babu mai tsai da ita. A kan titi da sarƙa ake ɗaure ta.

Direbanta shi ne Abukari. Kowa a Tamale ya san halin direbobin tarakta idan damina ta faɗi: a ɗan ɗaga garma, a yagi fuskar gona kamar tonon kaza, a ruga gona ta gaba, dizal ɗin da ya rage ya koma galan. Ban da Abukari. Huɗarsa mai zurfi ce, daga wannan baki har wancan. Manoman Gbalahi suka sa masa Afa, wato malam da Dagbanci, ko da yake karatunsa bai wuce nawa ba. Sababbin taraktoci su zo su yi ta zagaye, mutanen su ce su Afa suke jira. Ana kai masa zabi. Idan azahar ta yi a gona, shi ake turawa gaba. Da wannan suna kaɗai tsohuwar taraktar take samun aiki, don in ka cire Gbalahi, babu mai haƙurin jiran tafiyarta.

Hajiya ta ce, "Masta, tsohuwar nan ta fi ni cin abinci, sarƙar nan kuma tana ba ni kunya a titi. Ka sa ta ɗaga garmarta kamar ta mutane."

Na sauya roba, na wanke famfo. Da na ga silindar asali ba za ta iya da waɗannan hannaye ba, sai na samo wata daga jikin tifar da aka yar, na yi mata mazauni, na ja tiyo, na sa sabon bawul mai buɗe wa man hanya, da sabuwar liba. Ranar gwaji na tara ƙattin da ke zaman banza a bakin gareji suka hau garma, na ɗaga su sama, na bar su a rataye har suka fara roƙo. Da Abukari ya zo ɗauka, ya taɓa liba, garma ta tashi rabi ta tsaya cak. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Allahu Akbar." Ni kuwa na ɗauka aikina yake yabo.

Masara ta fara leƙowa ke nan sai ga dattawan Gbalahi a keke mai ƙafa uku, babbansu wani Mba Yakubu. Muka yi gaisuwar Dagomba, naa, naa, har gwiwata ta gaji. Sai ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Masta, mun zo ka mayar da abin da ka cire."

"Me na cire, Baba?"

"Albarka. Tunda ka taɓa shi, garma ba ya shiga ƙasa. Ciyawa ya riga masara fitowa."

Na ce, "Ko dai a tambayi direban?"

Tsohon ya zabura. "Afa? Kai, ka ji tsoron Allah! Ka ɓata mota, za ka ɓata mutum?" Kafin su tafi suka bar saƙo: in ba a gyara ba, sauran gonakin da ba a huɗe ba za su ba wata tarakta.

Kafin la'asar Hajiya ta kira ni a waya. "Masta, idan Gbalahi ta kuɓuce mini, a ƙofar garejinka zan ajiye ta kaji su yi ƙwai a ciki."

Washegari na hau babur na bi Abukari da tarakta gona, na zauna gindin kaɗanya kamar mai shan iska. Kusa da inda mai gona yake tsaye, garma ta nutse, ƙasa tana kifewa baƙa wuluk, inji yana nishi. Da tarakta ta wuce wani suri ta yi nisa, sai na ji nishin ya yi sauƙi. Kunnen fita, wato makanike irina, ba ya buƙatar tabarau. Na kewaya ta bayan surin. Da ta dawo na gani da idona: yatsu biyu, kamar mai gyara hula, Afa ya ɗan taɓa liba, garma ta ɗago.

Na tsai da shi, na hau matakala. "Afa, ina kwana? Yaya yatsun?"

Ya waiga ya dubi mai gona, ya rage murya. "Masta, kada ka ɗaga harshe."

"Kai da ake shaida? Yaushe ka koyi wannan?"

"Koya? Tun ranar da na hau kujerar nan nake jan libar nan, kamar kowane direba. Ba ta taɓa ji na ba. Na ja, na ja, har na haƙura. Yanzu kai ka sa tana ji, kuma ni za ka tuhuma?"

"To limancin fa?"

"Su suka tura ni gaba. In juyo in ce musu roba ce ta ci?"

Na sauka, na wuce Dabokpa, na samu Hajiya a cikin buhunanta na masara, na zayyana mata komai. Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Na ce shawarata a sallame shi.

Ta share ido ta ce, "In sallame shi in ɗauko wa? Ka san direban da yatsunsa suka fi nasa tsarki? Kuma in na ce Afa macuci ne, ni mutanen Gbalahi za su ƙaryata. Kai dai mayar mata da ciwonta."

Na ce, "Hajiya, ciwon da shekaru suka yi, Masta ba ya yin sa a yini guda. Silindata kuma ba ta fita, akwai sunana a jikinta."

"To ka san yadda za ka yi. Ni gonaki nake so."

Aka dawo da tarakta gareji. Na sake tsarin bawul, na yanko farantin ƙarfe mai kauri na yi wa liba gida mai gurbi biyu kacal, na kafe shi da walda ta yadda ko guduma ba ta cire shi. Gurbin sama, garma ta tashi gaba ɗaya, a yi kwana ko a hau titi ba sarƙa. Gurbin ƙasa, man ya sake ta, ta nutse da nauyinta kamar dā. Tsakiya babu. In ka saki liba a hanya, da kanta take faɗawa ƙasa.

Abukari ya gwada, ya sake gwadawa, ya laluba tsakiya bai samu ba. Ya ce, "Masta, ka wulaƙanta ni."

Na ce, "A'a, Afa. Na rage maka jarrabawa ne."

Sauran gonakin Gbalahi ita ta huɗe su, da zurfi, daga baki har baki. Mba Yakubu ya aiko a gaya mini sun yafe mini, tunda na mayar da abin da na cire, amma in daina wasa da kayan bayin Allah. Na ce a ce masa na gode, na kuma ji.

Abin da na koya, ku riƙe shi: idan aka kawo muku inji ana yabon halin mai tuƙa shi, kada ku yi gaggawar toshe inda mai yake zuba. Ku fara tambaya wa wannan ciwo yake riƙe wa hannu. Ni tun daga ranar, duk wanda aka nuna mini a garin nan aka ce bai taɓa cin amana ba, ina gaishe shi da ladabi, ina kuma roƙon Allah kada ya haɗa shi da fita mai iya aiki.