Soka da Mandiri a Bikin Ƙuba

Har gobe ban manta da ranar da Sista Amina ta shigo situdiyonmu da ke titin Sultana ba. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Tirinidad, ta daɗe tana aiki a Madina, 'yarta kuma za ta auri wani Bahaushe ɗan unguwar Ƙuba ta nan Madina. Ni ce mai haɗa sauti da saka waƙa a ɓangaren mata, don haka maigidanmu Abu Faisal ya turo ta wurina.

Ku sababbin shiga aikin nan kun riga kun san ƙa'idarmu. Waƙar biki kashi biyu muke yin ta, mai kayan kiɗa da marar kiɗa. Marar kiɗan mandiri ne kawai da tafi da muryar mutum, saboda gidaje da yawa a garin nan iyakar abin da suka yarda da shi ke nan.

Sista Amina ta kunna min waƙoƙi a wayarta. Ta ce bikin ya faɗo daidai lokacin kalankuwar ƙasarsu da suke kira Kanibal, lokacin da ake haɗa kiɗan Soka mai gudu da na Dansihol mai nauyi, a cashe. Shekarunta da yawa rabonta da shi, danginta kuma ba wanda zai samu zuwa. Abu ɗaya take so, ta taka rawar gida a auren 'yarta tilo.

Matsalar ita ce kakar ango, Hajiya Kulu. Ta rantse in ta ji kayan kiɗa za ta ɗauki abayarta ta fice, in kuwa ta fice rabin zauren zai bi ta.

Abu Faisal ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya binti, 'yata, ki ba ta haƙuri. Wannan ba aikinmu ba ne."

Na ce, "Ammi," wato baffa da Larabci, "ba ni dama in gwada. In ya lalace, ni na ɓata."

Ni dai akwai taurin kai. Na zauna na warware kiɗan dalla-dalla. Gudun Soka na ɗora shi a kan ƙananan mandiri da tafi, dukan Dansihol kuma a kan babban mandiri. Amon ƙasa da ke girgiza ƙirji, wata mawaƙiyarmu mai kaurin murya ce ta yi shi da baki. Baitocin asali kuwa ba sa faɗuwa a gaban surukai, sai Sista Amina ta rera sababbi na yabon amarya, muka yi mata amshi da Hausa da Larabci.

Ranar biki na danna waƙar. Sista Amina ta ji dukan farko, ta dafe baki, sai hawaye, sai kuma ta faɗa fili. Ana cikin haka Hajiya Kulu ta yafito ni. Na je wurinta.

"Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, akwai kayan kiɗa a ciki?"

"Wallahi babu, Hajiya. Mandiri ne da baki."

Ta kalli surukarta Sista Amina tana rawa a fili. Sannan ta ce, "Ɗayyib, ya yi. To ƙaro sautin, kunnena ba ya ji sosai."

Tun daga ranar na daina saurin cewa abu ba aikinmu ba ne. Mutanen da ke zuwa wurinmu kowa da abin da ba zai iya bari ba, kuma sau da yawa akwai hanyar da ba wanda zai fita daga zaure. Ku neme ta kafin ku ba da haƙuri.