Man da Na Zuba wa Lagwani Bakwai

Fa'iƙa matar Ayyad, wadda duk layinmu ke kira Umm Tadrus, shekara goma sha tara ta yi tana riƙe da gidanta da gashin gurasa. Kyau dai ba a yi rabonsa tana nan ba. Murya kuwa, in ta ɗaga waƙa a coci har tantabarun kan rufi sai sun canja mazauni. Amma hannu, Allah ya ba ta hannu. Tun ranar da amalanken rake ya danne wa Ayyad ƙafa ya zaunar da shi, ita ce mijin, ita ce matar.

Kasuwarta ta fi ci a Babban Azumi, wanda mu Kiristoci ke yi kafin Idin Tashi daga Matattu. Kwana hamsin da biyar ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, wake safe wake yamma har mutum ya fara yi wa akuyar maƙwabta wani irin kallo. Kowace mace takan gasa gurasar azumi da man girki, ta fito kamar tafin takalmi. Ta Fa'iƙa kuwa kafin ka tauna ta narke. Mukan ce, "Ke Umm Tadrus, wai me kike sawa ne?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Albarkar Budurwa Maryamu ce, 'yar'uwa." Mu ce amin da baki cike.

A shekarar da nake ba ku labari, tsohon ciwon ƙafar Ayyad ya sake buɗewa. Ta kai shi wurin likita a garin Mallawi, ta kunna kyandir har yatsunta suka yi baƙi, ciwo ya ce bai san zancen ba. A mako na shida na azumi ta roƙi limaminmu, Abuna Filimun, ya zo gida ya yi musu addu'ar Ƙandil, wadda ake jera lagwani bakwai na auduga a farantin mai, a kunna su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a shafa wa mara lafiya man.

Da hantsi ɗaki ya cika da matan layi, kowa ciki wayam, don ba a sa ko ruwa a baki kafin Ƙandil. Fa'iƙa tana ƙuryar ɗaki tana sa wa Ayyad riga. Ashe ta sayi man zaitun na musamman ta ajiye can wurinta. Ni kuwa Mufida, maƙwabciyarta, da karambanina, na ga faranti ba mai, na faɗa madafa, na zaro wata kwalba daga bayan buhun fulawa, na tuttula. Har ina jin kaina mai taimako.

Abuna ya kunna lagwani na farko, lafiya lau. Na biyu, na ga hancin Narjis matar mai kanti, wadda muke kira Umm Milad, ya fara motsi. A na uku ɗakin nan ya turnuƙe da wani ƙamshi da muka yi kwana arba'in ba mu yarda mun ji ba. Cikin wani ya yi ƙugi ana tsakiyar karatun Bishara, kuma na rantse daga wajen Abuna ƙarar ta fito.

Narjis ta raɗa da ƙarfi, "Wai wane mara tsoron Allah ne ke suya da man shanu?"

Wata daga baya ta ce, "A'a, ai ƙamshin gurasar Umm Tadrus ne."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, baiwar Allah. Sai da maganar ta fita kowa ya ji abin da ta ce.

Abuna ya rufe littafi a hankali. "'Yata, wane mai ne wannan?"

Na buɗe baki zan ce daga gidana na ɗauko, don ƙarya ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Fa'iƙa ta riƙe mini hannu. "Rufe bakinki, Mufida, aikin da kika yi yau ya isa." Fuskarta ta koma kamar toka. Ta durƙusa, idonta a kan tabarma. "Abuna, rabi mai ne, rabi man shanu. Da shi nake kwaɓi. Shekara goma sha tara ina karya wa mutanen nan azumi. Duk zuwan da nake wurinku faɗin zunubi, komai nake faɗa ban da wannan, don in kasuwa ta mutu ban san me za mu ci ba. Ga shi ina roƙon Allah ya taɓa ƙafar bawan nan nasa, ni kuwa na ƙi cire hannuna daga kwalba."

Narjis ta dafe ƙirji. "Wayyo azumina! Kin cuce mu, Fa'iƙa! Ni da ko cuku ba na kallo!"

Daga kan gado Ayyad ya ce, "Haba Umm Milad. Ke da in matar ɗanki ta ɗebi cokali ɗaya na man shanu kina jiyo shi daga bakin titi? Duk shekarun nan hancin naki aro kika bayar?"

Ba wadda ta yi dariya, har ni. Kowace ta samu abin kallo a kan yatsun ƙafarta. Gaskiya ya faɗa. Akwai macen da ta girma a madafa da ba ta san ɗanɗanon man shanu ba? Mun sani sarai. Tambayar da muke mata, muna yi ne don ta ba mu amsar da za mu ci gaba da ci. Mun bar ta ta ɗauki nata zunubin, ta haɗa da namu, mu kuma muna zuwa coci da fuskar waliyyai.

Abuna ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ni ma duk Laraba ana kai mini biyu." Ya kashe lagwanin da yatsa, ya ce a kawo wani faranti da man kirki, ya soma addu'a daga farko. Da ya gama da Ayyad ya zo kan Fa'iƙa, sai da ya ɗago mata haɓa da kansa kafin ya samu goshin da zai shafa.

Daga ranar ta koma man girki zalla. Masu saye suka watse, ba don fushi ba, kunyar haɗa ido da ita ake ji, ga gurasar kuma ta zama irin ta kowa. Ƙafar Ayyad ta kame bayan Idin Tashi, zafi na shigowa ciwon ya sake buɗewa. Fa'iƙa ta fara wankau a gidajen mutane don cike gurbi.

Azumin da ya biyo baya, ina zaune a madafarta, sai ga Narjis ta ƙofar baya, lulluɓe har hanci.

"Umm Tadrus, maigidan ne ba ya jin daɗin bakinsa. Ko za ki yi mana irin ta da, guda huɗu kawai? Ba mai ji."

Na ga Fa'iƙa ta kalli buhun fulawarta da ya kusa ƙarewa. Ta goge hannu a zane, ta ɗauko huɗu daga masu taurin nan ta miƙa mata.

"Ki jiƙa masa a shayi, Umm Milad. Haka nake yi wa nawa."